Batun Tara Tsofaffi a Gidajen Bene a Zinder

Zuwa ga Edita,

Matsugunin tsofaffi a Zinder batu ne da damina kan tayar. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, gidajen ƙasa da dama ma suka zube a daminar. Da yawa daga cikin masu zama a irin waɗannan gidajen gado dattawa ne da ƙarfin yaɓe ya ƙare musu, 'ya'yansu kuma sun tafi Yamai ko Kano ko Agadas neman abinci. Daga nan ne shawarar gina rukunin benaye na siminti, a tara tsofaffi da yawa a fili ɗaya kamar yadda ake yi a Turai, take samun masu goyon baya. Hujjarsu ba ta banza ba ce: fili ya yi tsada, kuma likita ɗaya zai iya duba mutum da yawa ba tare da yawo lungu-lungu ba.

Sai dai abin da zai fara damun mazauna irin wannan gini shi ne ruwa. Zinder a kan dutse take zaune, rijiya ba ta wadatar da ita, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin Nijar zuwa Yamai a 1926. Har yau daga wajen gari ake jawo ruwa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Da bazara famfo kan ƙafe a wasu unguwanni, sai mai garuwa ya zama sarki. Ruwan da bai kai famfon ƙasa ba, ba zai hau hawa na uku ba sai da injin turawa, injin kuwa sai da wuta. Mazauna garin ba su manta 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A irin wannan rana, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke sama ba ta iya saukowa, mai garuwa kuma ba zai hau matakala da jarka biyu a kan kuɗin da ya saba karɓa ba. Ga zafin Afrilu da Mayu, wanda soron ƙasa ke tarewa, siminti kuwa ya sha shi da rana ya amayar da dare.

Amma babbar damuwar ita ce rabuwa. Dattijo a Birni ko Zango yana da aiki ko da bai iya ɗaga fartanya. Shi ke zama a zaure yana karɓar gaisuwa, shi ake kira wajen ɗaurin aure da raɗin suna da sasanta maƙwabta. Tsohuwa kuwa ita ce mai wankan jego da renon jikoki, tana 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli ko daddawa a ƙofar ɗakinta. Abincinta ma yakan zo ne a kwano daga gidan maƙwabta ba tare da ta roƙa ba. Mafi yawan tsofaffin nan ba su da fansho, don haka wannan kwanon shi ne fanshonsu, kuma ba ya bin mutum zuwa bene a bayan gari.

Zinder ta riga ta ga abin da keɓe masu rauni wuri ɗaya ke haifarwa. Unguwar Kara-Kara ta faro ne a matsayin matsugunin masu cutar kuturta, tambarin wariya kuma ya bi 'ya'ya da jikoki, kamar yadda fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder ya nuna a 2021.

Kuɗin bene ɗaya zai gyara gidajen tsofaffi masu yawa a inda suke: a ƙarfafa tushen katanga, a sa indararo, a haƙa magudanar ruwa a lungunan Birni, a ɗauki magina na gargajiya su riƙa yaɓe kafin faɗuwar damina. Waɗanda ba su da kowa kuwa, a yi musu 'yan ɗakuna na ƙasa, ba hawa, kusa da masallaci da ɗakin shan magani, bayan magajin gari ya zauna da masu unguwanni da fadar Sarkin Damagaram an zaɓi wurin tare.

Wani mai karatu,
Zinder