Fentin Gida a Diffa: Shuɗi ko Ruwan Ƙasa?

Duk wanda ya gina shago ko gida a Diffa yakan tsaya gaban mai fenti yana wasi-wasi: shuɗi mai duhu irin na baba, ko ruwan ƙasa mai haske irin rairayin Manga?

Shuɗin yana da kwarjini, ido kuma yana ganin sanyi a jikinsa kamar ruwan Komadugu. Amma fa sanyin na ido ne kawai. Bango mai duhu yana shanye wajen kashi 80 cikin 100 na hasken rana, mai haske kuwa bai kai rabi ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin da aka shafe da shuɗi yakan kwana yana huci, fanka na juyawa, takardar NIGELEC na ƙara nauyi. In hunturu ya zo kuma, ƙura ta mai da shi fururu, alhali ruwan ƙasa yana ɓoye ta.

Shawararmu ita ce: bango a ba shi haske, shuɗi a bar wa ƙofa da taga. Ta haka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.