Turancin Bebe a Ƙasar Sin

A 2001 hukumar ilimi ta ƙasar Sin ta umarta yara su fara Turanci daga aji 3 na firamare. A jarrabawar shiga jami'a, wato Gaokao, Turanci yana da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna. Don haka ɗalibin sakandare yakan kwana haddar kalmomi wajen 3,000 da dokokin nahawu. Amma in baƙo ya gaishe shi, sai baki ya mutu. Sinawa da kansu suna kiran wannan Turancin bebe.

Laifin ba na yaro ba ne, na masu koyarwa domin maki kaɗai ne. Nahawu fartanya ce. Wanda ya shekara goma yana wasa fartanya bai shiga gona ba, me zai girba? A ba yaro littafi ya karanta, a bar shi ya yi magana, ko da kuskure.