Sharhi: Robar da Lantarki Ke Ratsawa da Rabon Jihar Adamawa

Kowa ya san ana lulluɓe wayar lantarki da roba ne domin wuta ba ta ratsa ta. Amma a shekarar 1977 masana uku, Alan Heeger da Alan MacDiarmid da Hideki Shirakawa, suka nuna cewa akwai robar da idan an sa mata sinadarin aidin za ta ɗauki lantarki kusan kamar ƙarfe. Wannan ya ba su lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000.

Akwai kuma wata hanya mafi sauƙi, wadda masana'antu suka fi bi. Ana narka roba ta yau da kullum a cuɗa ta da garin kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Idan ƙwayoyin garin sun yi yawan da za su taɓa juna, sai su zama hanyar da wuta ke bi. Baƙin garin da ake sa wa tayar mota yakan buƙaci kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na haɗin. Siraran bututan kabon kuwa, waɗanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, kashi 1 ko 2 ma yakan wadatar. Kaurinsu bai kai ɗaya bisa dubu na silin gashi ba. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester ta Ingila suka ɓare girafin daga ma'adinin girafait, wanda shi ne falle mafi siranta da aka taɓa samu.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji ba ne kawai. Da irin wannan roba ake yin bututun mai na motoci don kada tartsatsi ya tashi, da jakunkunan da ake nannaɗe kayan kwamfuta, da wani sashe na manyan wayoyin lantarki. Batiran wayar hannu da na wutar sola da ake sayarwa a kasuwar Jimeta duk akwai kabon a cikinsu, kuma da kuɗin waje muke sayo su.

Abin takaici shi ne ba mu rasa kayan haɗin ba. Kamfanin Indorama na Eleme yana yin ƙwayar roba. An gina sashen yin baƙin garin kabon a matatar mai ta Warri a 1988, amma manyan masu sayensa, Michelin da Dunlop, sun daina yin taya a Nijeriya a 2007 da 2008. Akwai girafait a Saulawa ta Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Ƙasar Sin, wadda ke haƙo fiye da kashi 60 cikin 100 na girafait ɗin duniya, ta ƙaƙaba takunkumin neman izini kan fitar da shi a watan Disamba na 2023, abin da ya sa manyan kamfanoni suka ƙara karkata ga Mozambik da Madagaska.

To ina rabon Adamawa? Duk wanda ya tsaya a Dubeli zai ga amsar a kewaye da shi. Ga fadamar Geriyo inda ake noman shinkafa rani da damina, ana tara ɓuntu a injinan casa, sau da yawa a cinna masa wuta. A Numan ga tukar rake daga kamfanin sukari na Dangote. A tsallaken gadar Binuwai, a Girei, ga Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha. Bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa idan aka gasa ɓuntu ko tuka da zafi mai tsanani ba tare da iska ba, ana samun kabon mai amfani wajen tace ruwa da adana lantarki. Ba sai an sare itace ko ɗaya ba.

Wasu za su ce jihar da ke fama da ƙarancin wuta ba ta da hurumin wannan magana. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin tanderun wannan aiki yana cin wuta ƙwarai. Saboda haka ba muna kira a fara da girafin ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. A fara da kabon na tace ruwa, wanda masu sana'ar ruwan leda ke saye kullum, sannan a hau matakin cuɗa shi da roba. Wajibi ne kuma a kare ma'aikata, domin a 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wani nau'in bututan kabon cikin abubuwan da ka iya jawo cutar.

Ya kamata gwamnatin jiha da Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu ta Tarayya su kafa ƙaramin wurin gwaji a jami'ar, a kuma jawo 'yan kasuwar Jimeta su zuba jari tun daga farko, domin su ne suka san abin da zai sayu. Idan ba haka ba, za mu ci gaba da ƙona ɓuntu a bakin hanya, muna sayen ɗan'uwansa da dala.