Sharar Asibiti: Kada Iyakar Jiha Ta Zama Mafakar Masu Laifi

Birnin Kudu da Gwaram na maƙwabtaka da Jihar Bauchi, kuma babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu. Irin wannan bakin iyaka shi mai neman rabuwa da sharar asibiti a ɓoye ke so: ya kwaso daga wata jiha, ya juye a kududdufin wata, hukumomi su tsaya tura wa juna alhaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 15 cikin 100 na sharar asibiti mai haɗari ce. Allurar da aka yasar a bola na iya sa wa yaro mai tsintar gwangwani ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, ruwan damina kuma ya kai sauran dagwalon cikin rijiya da fadama.

Doka tana nan. Bayan gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga masu jibge shara mai guba, sannan a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli.

Muna kira ga NESREA da JISEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Jigawa, su haɗa kai da takwarorinsu na Bauchi da Kano. A tilasta wa kowane asibiti da ɗakin shan magani rubuta nauyin shararsa, da wanda ya kwashe, da inda aka ƙone ta. Dagatai da masu unguwanni su san lambar da za su kira. Wanda aka kama kuwa, a gurfanar da shi gaban alƙali, a bayyana sunansa.