Tabarma da buta ba abin kunya ba ne

Ya kai mai karatu, wata magana ce ta tsaya mini a rai. Kwanan baya na je suna a Maraɗi. Can na gamu da wani abokina da munka yi horon malanta tare, yanzu shina aiki cikin biro. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: «Malam, har yanzu kana yawon tabarma?» Mutane sunka yi dariya. Ban tanka ba, don gidan biki ba wurin gardama ba ne. Amma yau ga amsata.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Daga watan Janairu, in an gama kai hatsi rumbu, har saukar ruwan fari, ina zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Dakoro da Mayahi. Gari guda kwana ukku ko huɗu, in wuce gaba. Kayana ga su: tabarma, bargo, sange, buta, riguna biyu, butar shayi, hitila mai cajin rana, alli da littattafai. Duka bayan babur suke hawa. Wanda ya san rairayin wannan hanya ya san dalili: babur mai nauyi nutsewa shike yi, ka wuni kana turi.

To ina abin kunya a nan?

Tun 1963 anka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar, amma har yau ana buɗe ajin manya a ƙauye, bayan wata biyu a tarar ya watse. Mi ke kawo haka? Ma'aikacin da ya zo da babbar mota da hantsi, ya sha ruwan gora, ya juya kamin la'asar don shi kwana birni, ba shi taɓa sani. Sai shi rubuta cikin takardarshi: mutanen garin ba su son karatu. Ƙarya ce!

A wani gari na tarar ajin mata ya koma mutum biyar. Na shimhiɗa tabarmata zauren mai gari, na kwana ukku. Dare na biyu muna shan shayi, wani dattijo ya ce mini: «Malam, rijiyarmu gaba talatin ce. Lokacin da kunka sa karatu, shi ne lokacin da makiyaya ke gama shayar da dabbobi, mata su samu guga.» Munka mai da karatu bayan isha'i. Kamin sati biyu aji ya cika. Wani garin kuma samari ne babu: wasu sun tahi cin rani Najeriya, wasu Libiya da Aljeriya, wasu wurin haƙar zinariya tun da anka gano ta a Jado cikin 2014. Irin wannan magana ba a faɗa wa baƙon awa biyu. Sai wanda ya sha hura ƙwarya guda da mutane.

Sai batun kuɗi. Ka duba wanda ke mini dariya. Shadda sabuwa kowace salla, salula biyu, kujerun da anka ɗauko bashi. Ran 15 ga wata shina bayan mai kanti shina roƙon a ƙara mashi shinkafa. Kayan aro ba su ruhe katara. Iyayenmu sun ga abin da ya faru cikin Janairun 1994, da anka karya darajar sefa da rabi: mai albashi ya wayi gari kayan waje sun hi ƙarhinshi. Mu kuma mun gani cikin 2023, da Najeriya ta cire tallahin mai, kuɗin kwalbar esansi ya tashi a bakin hanya. Wanda ya saba da buƙata kaɗan ya girgiza amma bai faɗi ba. Abin da nike ragewa cikin kuɗin tahiya, da shi na sayi tumaki biyu, da shi nike biyan littattahan ɗiyana. Ba wanda ke bi na ko dala.

Wani zai ce: ai kan talakawa kake ɗora nauyinka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don akwai masu yin haka. Su isa gari cikin bazara, rumbu ya yi ƙasa, su zauna a yanka musu kaza. Wannan ba tsimi ba ne, zalunci ne. Ni da garin rogona da ƙuli-ƙulina da sukarina nike tahiya. Gidan da ya ba ni tuwo, ina ajiye wani abu hannun uwargida kamin in tashi.

Ba kuma zan ce rayuwar tana da daɗi kullum ba. Masassara ta taɓa kada ni nesa da likita. Ɗana ya fara tahiya ban gani ba. Saboda haka kada manyanmu su karanta wannan su ce: tun da tabarma ta ishe su, kuɗinsu shi jira. A'a. Tsimin da mutum ya zaɓa daban, yunwar da anka ɗora mashi daban. A biya malaman ƙauye haƙƙinsu kan lokaci.

Abin da ya hi ba ni mamaki shi ne, muna cewa za mu kai karatu ga Hulani da Buzaye, mutanen da gidansu duka ke hawa bayan jaki ko raƙumi, su bi ciyawa har Ingal ƙarshen damina. Mu da ke rena mai kaya kaɗan, yaya za mu zauna cikinsu su saurare mu?

Ku ƙannena da kunka hito horo bana, in an tura ku daji kada ku tsaya tara akwatuna. Ku naɗe tabarma, ku kwana inda ɗalibanku ke kwana. Masu dariya su yi ta yi. Ran da wata tsohuwa ta rubuta sunanta da hannunta gabanka, ba za ta tambaye ka riga nawa gare ka ba.

Allah shi ba mu wadatar zuci.