Keken Asuba da Keken Hutu

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban taɓa zaton zan tarar da fassarar wannan karin magana a bakin Tekun Atlantika ba, sai da na yi kwana huɗu ina tafiyar ƙasa a kudu maso yammacin Fotugal, daga Porto Covo zuwa Odeceixe, a kan hanyar da ake kira Turbar Masunta. Kallon teku ya kai ni, amma na dawo da tambayar da ta hana ni sakat: idan masana suka baje taswira suna zana hanyoyin ƙafa da na keke a karkara, wane ne suke gani a zuciyarsu yana bin hanyar?

Kafin in yi suka, bari in ba mai haƙƙi haƙƙinsa. A shekarar 2012 aka buɗe jerin hanyoyin da ake kira Rota Vicentina, kuma aiki ne na masu hankali. Reshe ɗaya, Hanyar Tarihi, ya ratsa ƙauyuka daga Santiago do Cacém har zuwa Cabo de São Vicente, an yi masa alama da ja da fari, mai ƙafa da mai keke duk suna bi. Ɗayan kuwa, Turbar Masunta, mai alamar kore da shuɗi, ya bi saman duwatsun da suka yi tsaye a kan teku, kuma an hana keke hawansa don kada taya ta tumɓuke tsirran da ke riƙe da rairayi. Sawun masunta aka bi, wato ƴan hanyoyin da ƙafafunsu suka fitar tun kaka da kakanni. A Cabo Sardão na ga farar shamuwa ta yi sheƙa a kan dutse, igiyar ruwa na dukan gindinsa, tsuntsuwar da danginta kan ƙetare Sahara su yi rani a ƙasashenmu. Garuruwan da a da ba sa ganin baƙo sai lokacin zafi, yanzu masaukansu kan samu ciniki kusan duk shekara. Duk wannan na gani, na kuma yaba.

Abin da ya ɓata mini lissafi ya faru ne a rana ta uku. Na bar Almograve da jijjifi, na ratse daga turbar na hau kwalta. Nan na ci karo da su: maza a jere bisa kekuna, wasu da fitila wasu babu, kowa da ƙunshin abincinsa, sun maƙale a bakin titin da ba shi da gefe, manyan motoci na wuce su har iskar na kaɗa su. Ɗaya ya tsaya gyaran sarƙa, muka gaisa. Mutumin Nefal ne. Da ya ji cewa tafiyar da nake yi ta nishaɗi ce, sai ya yi dariya ya hau kekensa, domin ba shi da lokacin mamaki. Na bi shi da kallo har ya shige cikin rumfunan leda da suka shimfiɗu bayan tudun rairayi, fari fat, iya ganinka.

Ga asalin lamarin. Odemira ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Fotugal. Ruwan madatsar Santa Clara da ke kan kogin Mira shi ya mayar da gaɓarta gonakin noman rani, inda ake noma ƙananan ƴaƴan itace ja da shuɗi a cikin rumfuna, ana lodinsu zuwa kantunan arewacin Turai. Hannun da ke tsinkar su kuwa na ƴan ƙwadago ne daga Nefal da Indiya da Bangaladash. A ƙidayar 2021, yayin da akasarin karkarar ƙasar ke raguwa, mutanen Odemira sun ƙaru har sun doshi 30,000. A wannan shekarar ce kuma annobar korona ta tona asiri: gwamnati ta killace gundumomin São Teotónio da Longueira-Almograve, kuma Firaminista António Costa da kansa ya amsa cewa cunkoson da ma'aikatan ke kwana a ciki tauye haƙƙin ɗan Adam ne. Ke nan babu mai cewa bai san da su ba.

To, ga ƙarata. A wannan gaɓa akwai mahaya keke iri biyu. Na farko ya zo hutu, kekensa ya fi albashin wata tsada, an zana masa hanyoyi masu zagaye da za su fita da shi daga masauki su dawo da shi masauki, an auna masa kowane hawa da gangara. Na biyu yana hawa kwana shida a mako, da sanyi da zafi, daga ɗakin haya zuwa gona, daga gona zuwa kanti, ran da ciwo ya kama shi zuwa asibiti. Tafiyarsa miƙaƙƙiya ce, kuma ba ta cikin taswirar kowa. Wanda ya fi kowa buƙatar hanyar keke shi aka bari yana rabon kwalta da tirela. Ina ganin tsarin da ya lissafa mai hawa don nishaɗi ya tsallake mai hawa don abinci, ado ne kawai aka yi masa suna tsari.

Za a ce mini kuɗin yawon buɗe ido daban, kuɗin tituna daban, ofisoshin ma daban. Na ji. Amma direban da ya kauce da asuba ba ya tambayar wane ofis ne ya manta. Rabon aiki tsakanin hukumomi dabara ce ta sauƙaƙa mulki. Ran da ta zama mafakar kowa ya ce ba ni ba ne, ta tashi daga dabara ta koma laifi.

Za a ce kuma yankin gandu ne da doka ta kare, ba a son ƙarin gini. Wannan hujja ta fi ba ni haushi, domin da yawa daga rumfunan ledar nan a cikin gandun suke. Ƙasar da ta ɗauki wannan tulin leda ba za a ce mita biyu na gefen titi ne zai karya ta ba. Ana kare sheƙar shamuwa, kuma daidai ne a kare ta. Ita ma baƙuwa ce mai ƙetare iyaka don neman abinci. Me ya sa tata tafiyar ta zama abin ɗaukar hoto, ta ɗan Adam ta zama abin kau da kai?

Hujja ta ƙarshe ita ce wai ƴan ci-rani ne, yau suna nan gobe sun wuce. Ni da aka kafa wa alamu a kowace mararraba, kwana huɗu na yi. Shi kan yi shekaru, yana biyan haya, ana cire haraji a ladansa, ƴaƴan wasunsu suna makarantun garin. Idan daɗewa ce ma'auni, ni ne ɗan wucewa.

Ba na neman a taɓa Turbar Masunta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu huɗu nake nema. A ƙirga mahaya keke da ƙarfe shida na safe a ranar aiki, maimakon hantsin Lahadi. A kira taron jin ra'ayi a lokacin da ma'aikaci zai iya zuwa, da tafinta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fara da keɓe layin keke mai shinge da fitilu a titunan N120 da N393, tsakanin unguwannin da ma'aikata ke kwana da gonaki. Sannan masu gonakin da ke cin ribar wannan zirga-zirga su ɗauki kasonsu na kuɗin. Baƙon ma zai ci moriya, tunda babbar hanyar keken Turai ta gaɓar Atlantika, EuroVelo 1, ta nan ta ratsa, kuma layin da ya tsare ma'aikaci da asuba zai tsare mai hutu da hantsi.

Akwai abin da masu taswira suka manta game da turbar da suke alfahari da ita. Ba injiniya ya zana ta ba. Talakawa ne masu neman abin kai wa baka suka taka ta, suna sauka duwatsu da ƙugiya da kwando, babu wanda ya kafa musu alama ko ɗaya. Sai da suka tsufa, sana'ar ta ja baya, sannan aka shafa wa sawunsu fenti aka sa masa suna. Yau ga waɗansu talakawan suna fitar da sabuwar turba da tayar keke a gefen kwalta. Su kam a gina musu tun suna bisa keken.