Kafin Ka Ɗora wa Kwale-kwale Rumfar Sola

Makon jiya ina zaune a shagon wani abokina mai walda a Gwarzo, sai ga wani matashi masunci da wayarsa a hannu. Bidiyon YouTube ya nuna mana: wani Bature ya cire tampol ɗin da ke kare mazaunin matuƙi a jirgin ruwansa mai tafiya da iska, ya gina ɗan ɗaki mai ƙarfi da faiba, ya sa gilashi, sannan ya shimfiɗa fanel ɗin sola a sama. Irinta yake so a kan kwale-kwalensa, da bututun ƙarfe da kwano, don ya huta da rana kuma wayarsa ta daina mutuwa a tsakiyar ruwa.

Buƙatarsa gaskiya ce. Duk wanda ya wuni a dam ɗin Guzuguzu ko na Magaga a watan Afrilu ya san me rana take yi wa mutum, kuma yanzu da waya ake kiran mai sayen kifi. Amma na ce wa abokina kada ya karɓi aikin.

Dalilina yana ƙarƙashin ruwa, inda kyamara ba ta nuna ba. Irin wannan jirgin na Turawa yana da wani dogon ƙarfe ko dalma a gindinsa, wanda sau da yawa yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya. Idan iska ta karkatar da shi, wannan nauyin ne ke dawo da shi tsaye. Kwale-kwalenmu siriri ne, ba shi da komai a ƙasa. Abin da ke riƙe shi kawai shi ne mutane da kaya suna zaune ƙasa-ƙasa. Fanel mai gilashi na wat 100 kaɗai yakan kai kilo 7 zuwa 8. Ƙara bututu da kwano, ka ɗaga su sama da kan mutum, sannan ka tuna iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina. Kwanon nan zai tare ta, kuma ba a naɗe shi cikin minti ɗaya kamar tampol.

Ni da nake rubuta manhaja na san wannan cutar. Ka kwafo lambobi daga intanet, suna aiki a kwamfutar mai su, a taka su watse, saboda akwai abin da suka dogara da shi wanda ba ka gani ba. Sai dai manhaja idan ta faɗi sake kunna ta ake yi. Ba mu manta da Bagwai ba: ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa alhakin.

Abin da na ba shi shawara ba shi da ƙawa a hoto. Fanel mai lanƙwasuwa, wanda bai wuce kilo 2 ko 3 ba, a ɗaure shi ƙasa a goshin jirgin. Fawa banki da waya su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa. Inuwa kuwa, gora biyu da tampol ɗin da za a fizge da hannu ɗaya. Canjin da ya rage a sayi rigar ceto.

Bai ji daɗi ba. Ya ce zai gwada wani mai walda a Kabo.